Aikin da ba a ƙirga shi ranar ƙarin girma

A sashenmu na jami'a, duk lokacin da aka kafa kwamiti, kafin a gama zama sai ka ji shugaba ya ce, "Malama, ke za ki riƙa rubuta mana bayanan taro." Kwamitin walwala, na mata ne. Kula da ɗaliban aji ɗaya, masu zuwa da kuka kan rajista da sakamakon da ya ɓata, shi ma namu ne. Kwamitin bincike da neman tallafi kuwa, can za ka tarar da maza sun cika kujeru.

To, ranar duba takardun ƙarin girma, maƙalolin da aka wallafa ake ƙirgawa. Ba wanda zai tambayi ɗalibai nawa kika rarrasa a ofis. Daga nan sai a fara cewa mata ba su da himmar bincike. Wannan magana tana ƙona mini rai.

Ga kuma taron da ake sawa bayan la'asar, daidai lokacin da zan ratsa cunkoson Kabuga a Kano in ɗauko yara daga Islamiyya. Abokin aikina, matarsa ta riga ta ɗauke masa wannan.

Ba yau mata suka fara riƙe manyan kujeru ba. Grace Alele-Williams ta zama shugabar Jami'ar Benin a 1985, Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta Jami'ar Bayero kuma ta zama ministar ilimi a 2010. Ni dai a zangon nan na ce wa shugaban sashe, "Ranka ya daɗe, a riƙa karɓa-karɓa da rubutun nan." Ya yi dariya, amma ya miƙa wa wani malami biron.