Ranar da na taya makiyayan Mongoliya tashi

A watan Oktoba na sauka wurin wasu makiyaya a lardin Arkhangai, na tarar suna shirin tashi zuwa zangon hunturu. Na ɗauka raƙuma za a ɗora wa kaya. Sai ga wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar ger, bukkarsu mai zagaye da ake lulluɓewa da bargon ulu. Cikin awa ɗaya muka kwance ta. Ni aka danƙa wa farantin sola da batirinsa, aka ce in riƙe kamar ƙwai, don shi ke ba su fitila, talabijin da cajin waya. Maigidan ya hau babur ya koro tumaki da awaki, dokinsa na ɗaure yana kallo.

A raina na ce babur da waya sun gama da kiwo. Ashe ban fahimci komai ba. Da yamma, muna shan shayinsu na madara da gishiri (sai a kwana na uku ya zauna mini), uwargidan ta tashi ta ɗaure jakarta. Taya tashi kawai ya kawo ta. Tun da aka mayar da shekarun shiga makaranta shida a 2008, mata da yawa kan tare a garin gunduma da yara daga Satumba, a bar miji shi kaɗai da dabbobi cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Gida ɗaya, murhu biyu, kuɗin cefane biyu.

Na tambayi maigidan me ya sa awaki suka yi yawa haka, alhali suna cin ciyawa har saiwa. Ya shafa bayan wata akuya. Gashinta na kashmiya, wato ulu mai laushi da ake tajewa da bazara, shi ne kuɗin da ke biyan bashin banki. Bayan rushewar ƙungiyoyin kiwo na gwamnati a farkon shekarun 1990, kowa ya koma ɗaukar asararsa da kansa.

Ƙanensa ma makiyayi ne, har mugun hunturun da suke kira dzud ya share masa garke a 2010. Yanzu yana gadi a Ulanbator, babban birnin ƙasar, ya kafa ger ɗinsa a gefen birni, cikin hayaƙin gawayi.

Washegari da asuba na ga maigidan ya haura tudu da babur. A can ne kawai waya ke kamawa, yana so ya ji muryar 'yarsa kafin ta tafi makaranta.