Ƙuri'ar ɓallewa: ni rabuwar kawuna ba ta ba ni tsoro

Duk sanda aka ce wani yanki zai yi ƙuri'ar raba gardama kan ya ɓalle ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, abu biyu za ka ji ana ta nanatawa a labarai, wai shin masu zaɓe sun shirya, sannan wai kawunan jama'a sun rabu. Na biyun nan ana faɗinsa ne kamar wani bala'i ke tafe. Ni kam gaskiya ban ɗauke shi haka ba, wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ka ga ƙasa guda kowa ya ce "eh" baki ɗaya ba wanda ya tsaya ya tambaya to gobe da safe fa, da wane kuɗi za a biya albashi.

Ku duba Sudan ta Kudu. A watan Janairun 2011 aka yi mako guda ana kaɗa ƙuri'a, daga ranar 9 zuwa 15, kuma da yake da yawan mutane ba su iya karatu ba sai aka sa hoto a takardar, hannu biyu a sarƙe na son a zauna tare, tafin hannu ɗaya a buɗe na son rabuwa. Mutane sun yi sammako sun yi layi a rana, wasu na kuka don murna, kuma wallahi ba na ganin laifinsu ko kaɗan, yaƙin da aka yi daga 1983 zuwa 2005 ya ci rayuka wajen miliyan 2, wa zai ce musu kar su tafi. Kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa. In shiri shi ne a yi rajista a samu kati a fito da sassafe, to sun shirya tsaf. Amma aka kafa tuta ranar 9 ga Yuli ba a gama maganar iyaka ba, ƙuri'ar yankin Abyei da aka ce za a yi tare ba a yi ta ba, man fetur yana kudu bututun kuma ta arewa yake bi zuwa Port Sudan, ba a daidaita kan kuɗin da za a riƙa biya ba. A Janairun 2012 gwamnatin Juba ta rufe rijiyoyin man gaba ɗaya saboda wannan rigimar, ƙasar da kusan duk kuɗin shigarta daga man yake. Zuwa Disambar 2013 kuma shugaban ƙasa Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar suka kaure da yaƙi a junansu. Saɓanin yana nan tun farko, ƙiyayyar Khartoum ce ta lulluɓe shi, ba a fito da shi an tattauna ba sai da bindiga ta fito da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni dai a nan na ga gaskiyar maganar.

Sai kuma Sikotlan da ta yi ƙuri'ar ɓallewa daga Birtaniya a 2014, wacce kullum ake ba da misali da ita in ana maganar rabuwar kai. E ƙwarai sun rabu, gida ɗaya za ka tarar uba ya manna takardar "a'a" a taga ɗansa kuma yana yawo da bajon "eh" a ƙirji, Glasgow da Dundee suka ce a tafi, Edinburgh ta ce a zauna. Amma fa ku lura da abin da suka yi da wannan rabuwar. Tun Oktoban 2012 firaministan Birtaniya David Cameron da shugaban gwamnatin Sikotlan Alex Salmond suka sa hannu a yarjejeniya cewa kowa zai mutunta sakamako, wato kusan shekara biyu kenan kafin ranar zaɓe. Hukumar zaɓe ma sai da ta sa aka gyara tambayar, don wadda gwamnatin Salmond ta fara kawowa tana ɗan jan mutum zuwa ga amincewa. Gwamnatin ta fitar da kundi mai shafi sama da 600 kan yadda sabuwar ƙasar za ta kasance, 'yan adawa suka bi shi suna tsinka. Aka yi ta cacar baki kan fam, Salmond na cewa za su ci gaba da amfani da shi tare da Birtaniya, ministan kuɗi George Osborne ya fito a Fabrairun 2014 ya ce sam ba za ta saɓu ba, aka yi gardama kan man tekun arewa nawa ya rage, wa zai biya fansho, ina za a kai jiragen ruwan nukiliya da ke Faslane, Tarayyar Turai za ta karɓe su nan take ko sai sun bi layi. Har 'yan shekara 16 da 17 aka ba su damar zaɓe, yara 'yan makaranta suna muhawara kan babban banki, abin nan yana burge ni har yau.

Ranar 18 ga Satumba kusan kashi 85 na masu rajista suka fito, "a'a" ta samu kashi 55 "eh" ta samu 45, washegari Salmond ya ce zai sauka. Maganar ba ta mutu ba, musamman da aka yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 kuma kashi 62 na mutanen Sikotlan suka ce a zauna amma aka fita da su, dole waɗanda aka tsoratar da batun Turai a 2014 su ji an yaudare su, ni ma ina ganin suna da hujja. Duk da haka a kotu da majalisa ake ta yin rigimar.

Kwibek ta Kanada a 1995 ta fi wannan matsewa, kashi 50.6 suka ce a zauna 49.4 suka ce a tafi, tazarar ƙuri'a dubu 54 da 'yan kai, kuma tambayar doguwa ce mai ambaton wata doka da wata yarjejeniya wadda talaka sai ya karanta sau uku. A daren Jacques Parizeau, shugaban gwamnatin Kwibek mai goyon bayan ɓallewa, ya ɗora laifin faɗuwarsu kan masu kuɗi da ƙuri'un 'yan wasu ƙabilu, magana mara daɗi daga shugaba. Shi ya sa daga baya Kanada ta yi doka a 2000 cewa sai tambaya ta fito fili kuma rinjaye ya fito fili kafin a zauna maganar rabuwa.

Abin da nake son mutane su riƙa tambaya in an ce "an shirya" shi ne, wa ya shirya? Hukumar zaɓe tana iya kai akwati ko'ina ta ce komai ya kammala alhali rabin jama'a ba su yarda da ranar ba ko da rajistar. Sabuwar Kaledoniya, tsibirin nan da ke ƙarƙashin Faransa, sau uku suka yi. A 2018 masu ƙin ɓallewa suka samu kusan kashi 57, a 2020 ya sauko 53, kana gani ka san tazarar tana tsukewa. Sai ga korona ta yi ɓarna a 2021, 'yan asalin wurin, Kanak, suka roƙi a ɗaga zaɓe suna cikin zaman makoki ba za su iya kamfe ba, Faransa ta ƙi. Suka ƙaurace, ƙasa da rabi suka fito, sakamako ya nuna kashi 96 ba sa son 'yanci, adadin da ko wanda ya ci ya san ba shi ne ra'ayin tsibirin ba. A Mayun 2024 da majalisar Faransa ta taɓa batun wa ke da ikon zaɓe a can sai tarzoma ta ɓarke, aka rasa rayuka, aka sa dokar ta-ɓaci. Ni har yanzu ban ga abin da Faransa za ta yi asara ba da ta haƙura ta jira 'yan watanni aka share makoki.