J5 ɗin Kawu a kan teburina a Manchesta

A watan Oktoba na 2023 na sauka a Manchesta, na baro mai ɗakina da ɗanmu a gidanmu na Ƙofar Ƙwaya cikin birnin Katsina. Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni, kuma yawancinsa na dare ne. Duk wanda ya zo yi mini bankwana, a kan sanyi ya ja mini kunne. Sanyin kam akwai shi, amma riga mai kauri tana maganinsa. Shiru ne ba wanda ya ba ni labarinsa. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. In dawo aiki da safe in kwanta, in farka in tarar duhu ya sake rufewa, ban ga rana ba, ban ji bakin Bahaushe ba. Ga wanda ya saba zaman dandali bayan Isha'i, ga mai shayi ga abokan hira, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bas ce ta fara koya mini garin. In kana tsaye a bakin hanya sai ka miƙa hannu direba zai tsaya. Babu yaron mota, babu ɗan kamasho mai kiran saura mutum ɗaya, babu ciniki. Ka ɗora katin banki a kan na'ura, ka nemi wuri ka zauna, in ka kusa sauka ka danna ƙararrawa. Kusan kowa sai ya yi wa direba godiya kafin ya taka ƙasa, kuma wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai. Na zo daidai lokacin da hukumar yankin ta fara karɓar ragamar bas-bas a ƙarƙashin tsarin da suke kira Bee Network, wanda aka soma a Satumban 2023 daga Bolton da Wigan. A kan idona motocin layinmu suka koma launin ruwan ɗorawa.

A gidan da nake aiki akwai wani dattijo, tsohon direban bas, ya haura shekara 80. Mantuwa ta kama shi, har wata rana ba ya shaida 'yarsa. A bakin tagarsa an jera wasu 'yan ƙananan bas-bas, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Na ɗauka kayan wasan jikoki ne. Wani dare barci ya ƙi zuwa masa, na ɗauki ɗaya zan goge mata ƙura, sai ya miƙo hannu ya karɓa a hankali. Ya faɗi lambar layin da take bi, sannan ya shiga lissafa mini wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya, tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba. Ja ɗin, in ji shi, ta hukumar birnin Manchesta ce, koriyar ta Salford, mai ruwan lemo kuwa ta zamanin da aka haɗe su ce wuri guda daga 1969. Mutumin da bai tuna abin da ya ci da rana ba.

Na ce masa kawuna ma direba ne, ya shekara da shekaru yana jan J5. Ya dube ni ya ce, to ina tata ƙaramar? Ban sami abin cewa ba.

Tambayar nan ta bi ni har ɗaki. Ina yaro, a unguwarmu ba wanda ya kai ni iya ƙera mota. Ta kara nake yi bayan an yi girbi, in fere ɓawon in soka shi a cikin tsokar karan, babu ƙusa babu gam. Daga baya na koma ta langa-langa da gwangwanin madara, tayoyi kuwa daga tsohon silifa muke yanka su. Abin da nake kwaikwayo kullum ɗaya ne: J5 ɗin Kawu, mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura ta Mashi. In an yi hutu ni ne yaron motarsa. Da na shiga sakandare Baba ya ce wasan yara ya ƙare, na ajiye, ban sake waiwaya ba sama da shekara 20.

'Yar dattijon ce ta kwatanta mini gidan adana motocin sufuri da ke titin Boyle a unguwar Cheetham Hill, jikin babban garejin bas na Queens Road. Tun 1979 aka buɗe shi. A can na ji cewa a 1824 wani mutum mai suna John Greenwood ya fara jigilar fasinja da keken doki daga Pendleton zuwa cikin Manchesta, kuma daga nan suke ƙirga tarihin bas a ƙasarsu. Na dace da ranar da 'yan kasuwa ke baje koli a tsakanin tsofaffin motocin. Tebur bayan tebur, duk ƙananan bas-bas ne a cikin kwalayensu, na kamfanin EFE da na Corgi da wasunsu. Yawancinsu a ma'auni ɗaya ake yin su, 1:76, wato a raba tsawon mota ta gaske gida 76, ta yadda ƙafa guda ke komawa milimita 4. Dattawa masu furfura suna tsaye suna musu a kan siffar taga da wurin da fitila take a motar da aka daina hawa tun kafin a haife ni. Na sayi ɗaya ta hannu a kan fam 8.

Abin da na gani a wurin ya taɓa ni. Mutanen nan ba su ɗauki abin a matsayin wasa ba, ajiya ce suke yi wa abin da ya ɗauke su zuwa makaranta da wurin aiki da gidan surukai. Mu kuwa fa? Motar katako ta wuce, kiya-kiya ta wuce, J5 ma tana kan hanya, Hayis da Homa sun ture ta. In mota ta mutu sai 'yan gwangwan su yanka ta a auna a kilo. Motar da ta kai amare, ta kai gero kasuwa, ta ɗauko gawa, ko hotonta da wuya ka samu.

Na duba intanet na sami ƙananan J5, tunda motar Peugeot ce da aka yi daga 1981 zuwa 1993 kuma Turawa sun san ta. Amma duk irin na Faransa ne: motar asibiti, motar 'yan sanda, sumul kamar ba su taɓa ganin ƙura ba. Tamu daban take. An ƙara mata kujeru, an ɗora kariya a sama, bayanta ya zauna saboda lodi. Wanda na sayi bas a wurinsa ya ce in ba a yi irin wadda kake so ba, kai za ka yi abarka, ya nuna mini fallayen farar roba da suke amfani da su.

Sai dai aikin yana son awo, awo kuwa yana Katsina. Na kira babban wana.

"Yaya, alfarma nake nema. Don Allah ka samo mini J5 ka auna mini ita."

"Saye za ka yi?"

"A'a, ƙerawa zan yi. 'Yar ƙarama."

Ya yi jim, sannan ya ce, "Auta, lafiya dai kake can ko?" Na ce lafiya lau. Washegari ya ari tef ɗin tela ya tafi wani garejin bakanikai inda wata ta daɗe a kwance a kan duwatsu. Tsawonta ya kusa mita 5 da rabi. Ya auna faɗi, ya auna tagogi da tazarar tayoyi, ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Kafin ya gama, direbobi da bakanikai sun kewaye shi, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Wannan ya ce a tuna da igiyar ƙofar baya, wancan ya ce madubin gefe ba nata na asali ba ne, ba a taɓa ganin J5 ɗin haya da nata ba. Yaya ya rinƙa miƙa musu waya suna yi mini saƙon murya ta WhatsApp. Mutanen da ban taɓa gani ba suna ce mini ɗan'uwa, suna tambayar inda aiki ya tsaya. Na dawo ina farkawa in tarar da muryoyin gida suna jirana.

Na zaɓi ma'aunin 1:43, domin a 1:76 motar ba za ta wuce santimita 7 da ɗoriya ba, hannuna kuma bai saba ba tukuna. A 1:43 ta kusa santimita 13. Falle mai kaurin milimita 1 na yi gangar jiki da shi. Ba yanke shi ake yi gaba ɗaya ba: a ɗora rula ta ƙarfe, a ja reza sau biyu ko uku, a lanƙwasa, sai ya ɓalle a miƙe. Gam ɗinsa ruwa ne, narka bakin robar yake yi su haɗe, kuma in ya yi yawa sai ya cinye wurin. Hancin motar ne ya fi ba ni wuya, sai da na liƙa falle a kan falle na yi ta gugawa da samfefa har gangaren ya fito. Gilasai daga robar mazubin 'ya'yan itace na yanko, kariya da siririyar waya da dalma, buhunan gero da takarda mai laushi da aka jiƙa da gam. Tayoyi kaɗai na ciro daga wata tsohuwar motar wasa. Wata 4 na yi, awa ɗaya ko biyu kafin in fita aiki, fitila a kunne, ruwa na dukan taga.

Da na sami hutu na zo Babbar Sallah, na naɗo ta a cikin safa. Bayan La'asar na iske Kawu a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Idonsa ya yi rauni, don haka da yatsu ya fi duba ta. Ya shafa kariyar, ya taɓa igiyar baya, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya kai ta kusa da fuska ya leƙa ciki.

"Ɗan nan, sitiyarin nan fa? Ai a dama ka sa shi."

Gaskiya ya faɗa. Idona ya saba da motocin Ingila har hannuna ya bi su ban sani ba.

"Kawu, ku yi haƙuri, in na koma zan gyara."

"Mu tun 1972 muka sauya hannu, sitiyari ya koma hagu. Amma bar ta haka. Wannan ba za ta koma ba, a nan za ta zauna. Ka yi wata." Ya sa aka ɗora ta a kan akwatin rediyonsa. Da yamma ɗana ya zaro kara daga danga ya ce in koya masa, muka zauna a ƙofar gida har aka kira Magariba.

Ta biyun tana kan teburina yanzu, sitiyari a hagu, saura fenti. Na kai wa dattijon nan ita wani dare ya gani. Ya juya ta, ya duba goshinta, ya ce ina lambar layin? Na ce tamu ba ta da lamba, yaron mota ne ke tsayawa a bakin ƙofa yana kiran gari. Ya ce in kira ya ji. Na rage murya saboda masu barci na ce, "Daura! Daura! Mashi, Daura!" Ya ce in sake.