Littafin bashin Baba mai kanti

Yau da hantsi na je babban kanti sayayyar gida. Da yarinyar da ke karɓar kuɗi ta gama haska kayan da na'ura, sai aka ga kuɗin hannuna bai cika ba, saura ɗan kaɗan. Cikin ladabi ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sai dai a cire abu ɗaya." Na ajiye sabulu, na biya, na fito. Ban ga laifinta ba, domin kantin ba nata ba ne, kuma ba a ba ta ikon ɗaga wa kowa ƙafa ba, amma abin ya tsaya mini a rai har yamma.

Tun a hanya nake tuna irin kantin da muka taso muna zuwa, wanda mai shi da matarsa da 'ya'yansa suke karɓa-karɓa a bayan kanta. Allura da zare, ashana, igiya, batir, alli, komai yana da gurbinsa, kuma ba ka taɓa kaya da hannunka, sai dai ka faɗa, Baba mai kanti ya miƙo ko ya ɗora a sikeli. Abin da na fi kewa shi ne littafin bashin nan mai baƙin bango, wanda kowane gida yake da shafinsa a ciki. Umma takan aike ni hannu biyu, in je in ce, "Baba, wai in ji Umma," shi kuwa ya rubuta, ya tambayi jikin Kaka, sai ƙarshen wata a zo a soke.

Da na ba Abban yara labari, ya ce wannan sauyi ya daɗe da somawa, tun 1916 lokacin da wani ɗan kasuwa, Clarence Saunders, ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda mai saye ke ɗaukar kaya da kansa, sannan a 1974 aka fara haska lambar jikin kaya da na'ura a wani kanti a jihar Ohio. Ya ƙara da cewa mai sarin kaya mota-mota daga masana'anta dole ya fi mai sarin katan ɗaya araha. Gaskiya ya faɗa, amma hankalina bai kwanta ba.

Da daddare na kira Umma, ina tsammanin za ta taya ni kewar Baba mai kanti. Sai ta ce, "Ke kin manta mu ne muka fara gudunsa? In da kuɗi a hannu mu tafi inda ake araha, in babu mu dawo wurinsa ya rubuta." Ta ce bashin da ba a biya ba ne ya karya masa jari, yaransa kuma da suka girma babu wanda ya yarda ya gaji kantin, har ya rufe da shafuka da yawa ba a soke ba.

Na ce, "Umma, namu shafin fa?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce Abba ya biya kafin mu tashi daga unguwar, ta kuma yi wa Baba addu'ar rahama. A nan na fara jin labarin rasuwarsa. Bayan mun yi sallama na daɗe a zaune ina neman sunansa na yanka a cikin kaina, ban samo shi ba.