Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rasuwar Baba

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda likita ya ce ƙodar Inna duka biyu sun gaza, ba makawa sai an fara yi mata wanki. Yau na iso wurin da na daɗe ina kewaye shi, wato rasuwar Baba.

Tun da aka fara wankin nan Baba ne ya ɗauke mana komai. Shi ke kai ta, ya zauna a benci awa huɗu har injin ya gama, ya dawo da ita. Shi ya san ranar allurar ƙarin jini, shi ke auna mata ruwan da za ta sha a yini, shi ya hana kanwa da gishiri shiga tukunyarta, ya hana a kawo mata ayaba da lemo a matsayin dubiya. Mu 'ya'ya namu waya ce. In na ce, "Baba, ya jikin Inna?" sai ya ce, "Da sauƙi, Uwata, ki kula da mai gidanki." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Mai gidan da yake nufi kuwa ɗana ne na biyu, mai sikila, wanda ya ci sunansa. Shi kansa Baban yana da ciwon suga da hawan jini, amma a gidan da ake wankin ƙoda, mai suga lafiyayye ne. Ba mai tambayarsa ko ya sha magani.

Daren 16 ga Afrilu, 2020 aka kulle Kano saboda korona. Ba a jima ba Baba ya fara zazzaɓi da kasala, abinci ya fita ransa. Muka ce zafin gari ne, domin wanda ya san bazarar Kano ya san yadda take kayar da tsofaffi. Da numfashinsa ya fara sama-sama, Abban yara ya ɗauke shi a mota. Ƙaramin asibitin unguwa a rufe. Wani na kuɗi da suka je, daga bakin ƙofa maigadi ya ce an hana karɓar mai tari ko sarƙewar numfashi. Suka juyo gida da nufin a sake gwadawa da safe. Kafin kiran assalatu Allah ya karɓi abinsa, saura kwana kaɗan a ga watan azumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka zauna a Kano lokacin sun san ba mu kaɗai ba ne. Kullum sai ka ji an rasa dattijo, malami ko ɗan kasuwa ko basarake, har Sarkin Rano ya rasu a farkon Mayu. Da farko hukuma ta ce hawan jini ne da suga da sanƙarau da maleriya. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Baba dai ba a gwada shi ba, haka aka kai shi. Abban yara ya dawo daga maƙabartar Dandolo yana cewa sai da suka jira, akwai gawarwaki a gabansu, masu haƙa kabari duk sun galabaita. Mutumin da in ana jana'iza a unguwa shi ne a sahun gaba, sahunsa bai cika biyu ba. Ƙanena yana Kaduna, can ma a kulle, ta waya ya ji an binne ubansa.

Washegari ranar wankin Inna ce.

Wannan ita ce maganar da nake so masu karatu su gane. Mutuwa ta shigo gida, amma ƙoda ba ta san an yi mutuwa ba. In aka tsallake wanki ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, mu kuma mun riga mun ga yadda wannan yake. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce ita ba ta taɓa ganin mace ta fita washegarin shiga takaba ba, ko sadakar uku ba a yi ba, me duniya za ta ce? Ban iya mayar mata ba, uwa ce. Limamin masallacinmu aka kira a waya, ya ce wata huɗu da kwana goma na nan daram, amma larura ta halatta fita, ta je ta dawo ta kwana a ɗakinta. Gwaggo ta yi shiru, sai dai har aka gama takabar nan ba ta daina cewa "zamani" ba duk sanda ta ga mun ɗauko jakar asibiti.

A hanya shingen jami'an tsaro ya fi a ƙirga. Katin asibiti nake miƙawa, su leƙa su ga bututun da ke wuyan Inna, su ce Allah ya ƙara sauƙi. Da muka shiga, wata nas da ta saba da su ta ce, "Hajiya, yau ina Alhaji? Ko dokar ce ta tsare shi?" Ni na amsa. Na ce ya rasu jiya, da irin muryar da ake faɗin farashin kaya. Nas ɗin ta dafe ƙirji, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na tafi layin biyan kuɗi, domin ba a haɗa injin sai an ga rasit.

Zaman makoki kusan duk a waya aka yi shi. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Wani lokaci ina amsawa ina riƙe da ledar jini da na karɓo, wani lokaci ina kan layin kemis. Da aka sassauta dokar aka ba da Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 4, mutane suka fara leƙowa gaisuwa, amma yawanci ba sa samuna. A waɗannan awannin zan nemo magani, in yi cefane, in nemi wanda zai ranta mini.

Ana tsakiyar azumi ɗana ya tashi da ciwon ƙashi. Duk uwar mai sikila ta san kukan nan, ba ya kama da kowane kuka. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da shi, ga shi yaron ya ɓoye mini yana gwada azumi don ya yi wa kakansa addu'a. Aka kwantar da shi, ƙarin ruwa da allurar kashe zafi. Na zama da rana ina wajen Inna, da dare ina wajensa, buɗa-baki a duk inda magariba ta same ni.

Sai yabo ya fara zuwa. "Kai, wance akwai tawakkali, ko hawaye ba ta yi ba." Har wata ta kafa wa 'yarta misali da ni. Wallahi yabon nan ya fi zagi yi mini ciwo. Ba tawakkali ba ne, wuri ne ban samu ba. Wanda ya yi kuka a kwana ukun farko, jama'a na kewaye da shi suna rarrashi. Wanda jinya ta hana shi, sanda zai waiwayo kowa ya watse, an shiga wata sabgar. In da a cikin masu yabon wata ta ce mini "je ki kwanta, yau ni zan kwana da yaron," da ya fi mini amfani. Mutum ɗaya ce ta yi haka, maƙwabciyarmu da ba ma wani shiri sosai, kuma har gobe ina sa ta a addu'a.

Bayan sallah ina neman tsohon sakamakon gwajin Inna a akwatin Baba, na ci karo da wani littafi irin na 'yan firamare. Kowane wanki ya rubuta, da kwanan wata da abin da aka kashe. A tsakiya ga takardar cinikin filinsa, wanda kullum yake cewa na auren ƙannena ne. Ya sayar tun watannin farko bai gaya wa kowa ba. A shafin ƙarshe ga bashin mai kemis. Na rufe na kai wa Inna. Ta daɗe tana juya shi, ba ta iya boko ba, amma ta san rubutun mijinta. Ni 'yar fari ce, a gidanmu uwa ba ta sakewa da ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, "ke" ce kawai. Ranar ta kama hannuna ta ce, "Ke ma fa ubanki ne ya mutu." Abin da ya biyo baya ba sai na rubuta ba. Gwaggo ce ta shigo tana cewa haba, sai yanzu?

A farkon Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, ƙanena ya iso. Ya je kabari, ya dawo, ya karanta littafin nan daga farko har ƙarshe. Da daddare ya tara mu ya ce lissafin ba zai ɗore ba, albashina da nasa in an haɗa ba za su riƙe wanki har ƙarshen shekara ba. Ya ce ya bincika, Asibitin Malam Aminu Kano na yin dashen ƙoda tun 2002, kuma shi zai bayar da tasa in ta dace. Inna ta ce ko bayan ranta ba ta yafe ba in aka yanka mata ɗa. Muna cikin haka Kawu ya yi sallama, da maganar rabon gado a bakinsa, yana tambayar ina takardar fili.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.