Na Ajiye Mota a Birnin Shehu

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Mu nan Sakkwato da tankar mai ke ratso ƙasar nan kaf kafin ta iso mana, kullum namu farashin yana gaba da na kudu. Ni ma'aikaci ne mai zama a Mabera, wurin aikina yana cikin gari, kuma albashina bai bi fetur ya tashi ba. Da na ga tankin mota yana neman cin kuɗin hatsin gida, sai na lulluɓe ta da tampol na koma ƙafa da keke napep, wani lokaci bayan ɗan kabu-kabu in sauri ya kama.

Motar lafiyarta lau. Amma shawo kan mutane su yarda da hakan ya fi tafiyar kanta wuya. Wani ƙanen mahaifina ya gan ni ina tafe da jaka a kafaɗa, ya tsayar da mashin ɗinsa ya ce, "Kai ɗana, lahiya? Mi as samu mota?" Na ce, "Baba, tana gida, tana hutawa." Ya yi shiru, sannan ya rage murya ya ce in akwai matsala in faɗa masa, kada in ɓoye. Don Allah ya faɗa, kuma na ji daɗin kulawar. Sai dai maganarsa ta nuna mini yadda muka ɗauki abin: magidanci mai aikin gwamnati in ya taka ƙasa da ƙafarsa, to karayar arziki ce. Wannan tunani yana sa mutane da yawa cin bashi su zuba mai don kawai a gan su cikin mota, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina yi wa juna wannan kallo.

Abin da ya fara koya mini darasi rana ce. Nisa bai taɓa kayar da ni ba, domin Sakkwato ba Kano ba ce, ba Legas ba ce, kuma mafi yawan garin shimfiɗe yake. Amma daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma wanda ya fito da ƙafa tsakanin hantsi da la'asar ya san ya fito. Dole na sake tsarin yinina. Na koma fita da sassafe, ba na komawa barci bayan asuba, in isa ofis kafin rana ta ɗaga. Dawowa kuma sai na yi la'asar, ko in hau keke. Gorar ruwa ba ta barin jakata. Hunturu shi ne lokacin mai tafiya, in dai ya rufe hanci saboda ƙura. Damina kuwa, duk ɗan Mabera ya san yadda ruwa ke kwanciya a layuka, sai ka naɗe wando kana neman inda za ka sa ƙafa.

Da na riƙa ratsa tsohon gari ne idona ya buɗe. Shekaru ina wuce wuraren nan a mota ta manyan tituna, ban taɓa lura cewa an gina su don mai ƙafa ba. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809 aka kewaye shi da ganuwa, wanda ya shigo ta Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke ko Ƙofar Taramniya ko Ƙofar Atiku, da ƙafarsa ko jakinsa yake isa duk inda zai je. Har yau daga Fadar Sarkin Musulmi zuwa Masallacin Bello tsallaka fili ne kawai, daga nan zuwa Masallacin Shehu da Hubbare tafiya ce da tsoho ke yi ba tare da ya zauna hutawa ba. Lungunan matsattsu ne, kuma matsin nan shi ne amfaninsu: katangar wannan gida tana yi wa hanya inuwa da safe, ta wancan ta karɓa da yamma, rana ba ta samun ka sai ɗan lokacin da take tsaka. Akwai zaure da dakali inda za ka zauna in ka gaji. Akwai randar ruwa da wani bawan Allah ya ajiye a ƙofar gida sadaka. Masallaci, makarantar allo, mai kayan miya, mai shayi, tela, wanzami, duk suna cikin unguwa guda, yaro ɗan shekara bakwai ana aikensa ya dawo ba a yi fargaba ba. Ban ce babu matsala ba, akwai kwata da ke malala a wasu lungunan, akwai shara, motar asibiti ma ba ta iya shiga wasu. Amma tsarin da kansa, wato kusantar da bukatun mutum kusa da ƙofarsa tare da inuwa a hanya, daidai yake da ƙasa mai zafi irin tamu.

Sai ka fito sababbin unguwanni ka ga akasin haka. Filaye manya, katanga doguwa, get na ƙarfe, layi mai faɗi babu ko bishiya. Wanda ke son gishiri sai ya tayar da mota ko ya aiki yaro cikin rana. Manyan titunan kuma an yi su kamar kowa a mota yake. Inda aka bar gefen masu tafiya, ko dai an faka motoci a kai, ko mai tireda ya kafa rumfa, ko kuma lambatu ne a buɗe babu murfi. Sai ka sauko kan kwalta kana raba hanya da keke da kabu-kabu, kana waiwaye. Tsallaka titi mai hannu biyu da safe, lokacin da yara ke zuwa makaranta, abu ne da ke tayar mini da hankali duk sanda na gani: yara riƙe da hannun juna suna jira wani direba ya tausaya ya tsaya. An gina gadojin sama a Rijiyar Ɗorowa da Dandima, kuma sun rage wa masu mota cunkoso, ban musa ba. Amma mafi yawan mutanen garin nan ba su da mota, kuma da ɗan kaso kaɗan na irin wannan kuɗi za a rufe lambatu, a yi wurin tsallakawa gaban makarantu da kasuwanni, a dasa dogon yaro jere a bakin hanya. Duk inda tsofaffin itatuwan dogon yaro suka rage a garin nan, za ka tarar da mutane suna bi ta nan ko da hanyar ta fi nisa. Ni ma haka nake yi.

Game da abin hawa na haya, keke napep shi ke riƙe da garin. In ka bi hanyar da suka saba bi, ka haɗu da wasu fasinjoji, kuɗin da sauƙi. In ka ce a kai ka ƙofar gida, ya zama shata, kuɗi ya ninka. Na daɗe ina jin haushin yadda suke cusa mutum na huɗu a baya, wani kuma a gefen direba, da yadda suke tsere don riga juna fasinja, har wani matashi da nake yawan hawa kekensa ya warware mini lissafin. Ya ce, "Alhaji, keken ba nawa ba ne. Kullum sai na kai balas, sannan in sha mai, abin da ya saura shi ne na gida." Wanda bashin yini ke bisa wuyansa tun kafin ya ɗauki fasinja na farko, ba zai yi tuƙin natsuwa ba. Kabu-kabu kuwa ya fi sauri, yana shiga ko'ina, amma ba mai sa hular kwano, kuma na ga abin da faɗuwa a kwalta ke yi wa mutum. Uwargidana ba ta hawa, haka mata da yawa, don haka in keke ya yi wuya, kamar da yamma lokacin tashin kasuwa, sai su tsaya bakin titi da goyo da kaya su yi ta jira. Rashin tsarin sufuri mata ya fi cuta, su da tsofaffi da masu lalura.

Abin da babu shi ne babbar bas mai hanya sananniya da lokaci sananne, wadda mutum zai dogara da ita ya tsara yininsa. Bas guda mai cin mutum hamsin tana ɗaukar abin da keke fiye da goma ke ɗauka, a fili ɗan kaɗan, da man da aka raba wa mutum hamsin. Masu cewa mutanenmu ba za su bi layi ba, su je Dandima da safe su ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna jiran motar da za ta tsallaka da su gulbin Rima zuwa mazaunin dindindin. Inda aka san mota za ta zo, mutane suna taruwa. Legas ta ware wa bas hanyarta ta daban tun 2008, kuma alhazanmu sun ga jirgin ƙasan da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010. Mu layin dogo ma a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929, bai ƙaraso ba. Ban ce a fara da jirgi ba. Layuka uku ko huɗu na bas sun isa farawa, daga Mabera, daga Arkilla, daga Kwannawa, su haɗu a babbar kasuwa, da rumfa mai inuwa a kowace matsaya, a ware wa mata kujeru. Masu keke ba za su rasa aiki ba, su za su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwa zuwa matsayar. Sai dai a yi tanadin gyara da kayan gyara tun ranar saye, don mun sha ganin motocin gwamnati da aka ƙaddamar da biki suka ƙare a kan duwatsu.

A wajena, kuɗin da ke tafiya gidan mai da wurin bakanike yanzu yana shiga cefane da kuɗin makarantar yara. Nauyin jikina ya ragu, barcina ya gyaru. Akwai kuma ribar da ban sa a lissafi ba: na koma sanin mutanen layinmu. A mota hannu kawai nake ɗagawa, yanzu sai na tsaya na gaisa, a nan nake jin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa da inda aka yi rasuwa. Gaisuwar takan cinye mini minti goma, don haka nake fita da wuri.

Motar ban sayar ba, kuma ba zan ce wa kowa ya sayar da tasa ba. In dare ya tsala yaro ya kamu da zazzaɓi, ko za a kai mahaifiyata asibiti, ko za mu ƙauye da iyali, ita nake fiddawa. Abin da nake so shi ne ta zama ta irin waɗannan ranaku, kada ta zama sharaɗin zuwa aiki da sayen gishiri. Bas ba a hannunmu take ba, amma inuwa muna da abin yi a kanta. Daminar da ta wuce mun yi magana da mai unguwa da liman, kowane gida a layinmu ya dasa dogon yaro a ƙofarsa. Awaki sun cinye waɗanda ba a kewaye ba, don haka bana da tsofaffin tayoyi da ƙaya za mu kare su, kuma kowane gida ya ɗauki nauyin ba nasa ruwa har rani ya wuce.