Tirelar Zango a Ajiye Take Tsufa

Tirelar da muke fita zango da ita ɗaki ce mai taya huɗu, da gadaje da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura ta a bayan mota a ja. A nan jihar Minnesota aikinta daga watan Mayu ne zuwa farkon Oktoba. Sauran shekara tana gefen gida, rana ta doke ta, dusar ƙanƙara ta danne ta. Tun da na fara kula da tamu na gane cewa yawancin ɓarnar da ke samunta a wannan zaman take faruwa, lokacin da babu mai leƙa ta.

Rufi ya fi komai cin hankalina. Akasarin irin waɗannan tireloli a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma da kaya marasa nauyi: siririn katako a ƙasa, shimfiɗar roba a sama. Duk inda aka huda robar nan, wajen na'urar sanyaya ɗaki, wajen tagar sama, wajen bututun da ke fitar da warin tanki, da wani farin danƙo aka liƙe bakin. Danƙon yana bushewa ya tsage, ga girgizar hanya tana ƙara buɗa shi. Tsagar da farce ba zai shiga ba ta ishi ruwa. Kuma ruwan ba ya ɗigo maka a kai ka farga, sai ya bi cikin bango a ɓoye, katako ya sha ya ruɓe. Ranar da ka ga bango ya kumbura, ko ƙasan ɗaki yana lotsawa in an taka, to aikin ya wuce na mai tsani da tsumma, ya koma na dubban daloli. Shi ya sa duk wata 3 nake hawa. Ina rarrafe ne, don kada nauyina ya taru wuri guda, ina bin kowane baki da yatsa. Inda ya tsage in wanke, in bari ya bushe sarai, sannan in zuba sabo. Na kamfanin Dicor nake saya, mai bajewa da kansa. Silikon na gyaran gida kuwa ba na bari ya hau rufin ko kaɗan, domin ba ya kama roba da kyau, kuma duk abin da aka shafa a kansa daga baya ba ya zama.

Sai shirin hunturu, wanda a garin nan babu wasa a cikinsa, tunda a Janairu sanyin dare kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, wannan ɗan ƙarin shi ke fasa famfo da mahaɗar bututu. Kafin ƙarshen Oktoba ina zubar da ruwan duk tankuna, in kashe tukunyar dumama ruwa ta huce, in kwance toshiyarta ta tsiyaye. Akwai 'yan makunnai a bayanta da ake juyawa don ruwa ya kewaye ta. In ba a juya ba, galan 6 na maganin daskarewa zai tafi cikinta a banza. Daga nan in hura iska a bututu, ba na wuce awo 40 a ma'aunin ƙarfin iska na PSI, sannan in tura maganin daskarewa mai launin ruwan hoda da aka yi don bututun ruwan sha, in buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya fito da launin. Na mota guba ne, ba ya kusantar wurin. Famfon wanka na waje shi aka fi mantawa, kuma shi sanyi ke fara samu.

A ranar nake cire batir in kai shi ginin ƙasa. Na'urar da ke shinshinar iskar gas tana zuƙar wuta dare da rana, cikin 'yan makonni ta kwantar da batirin da aka bari a jone, batirin da ya mutu kuwa yana iya daskarewa ya fashe. Ramukan da bututu da waya suka shiga ta ƙasa ina cusa musu soson ƙarfe saboda ɓeraye. Ko ƙwayar shinkafa ba ma bari a ciki.

In ƙanƙara ta narke sai in koma ƙasan tirela. Taya tana da ruɗi, domin ta tirela ba kasafai take cinyewa ba, tsufa take yi da zanenta cif. A gefenta akwai lambobi 4 a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: in ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Da ta kai shekara 5 nake neman sabuwa, ko da tana sheƙi. Na taɓa tsayawa taimakon wani dattijo a gefen babbar hanya, tayarsa ta fashe ta yage gefen tirelar har da bututun da ke bayanta. Da muka duba lambar, ta haura shekara 9. Boris ɗin ƙafafu kuma ana kwance su a wanke a cusa sabon giris duk shekara, ko duk mil 12,000. Aiki ne na yini guda da baƙin hannu, amma yana ba ni damar ganin birki da idona. Bayan an mayar da taya, noti yakan saki kaɗan, don haka ina sake ɗaure shi bayan mil 10, da 25, da 50. A hanya ma, duk inda muka tsaya shan mai, ina kai bayan hannuna kusa da cibiyar kowace ƙafa. In ɗaya ta fi sauran zafi, ba ma ci gaba sai na san dalili.

Tankin banɗaki na da nasa ladabin. Ba a barin bakinsa a buɗe a wurin zango, sai ya kai kashi 2 cikin 3 a sake shi gaba ɗaya, sannan a biyo da ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyo. Babban abin da ke toshe shi ƙarancin ruwa ne da yawan takarda. Mu da muke tsarki da buta ba mu taɓa fama da wannan ba, sai dai tankinmu na saurin cika, muna yawan zuwa wurin zubarwa.

Abin da ba na ɗaga wa ƙafa shi ne gas, tunda yarana a ciki suke kwana. Duk mahaɗa ina shafa mata ruwan sabulu in jira kumfa. Na'urar gas da ta hayaƙi mai guba suna da ranar ƙarewar aiki a jikinsu, kamar shekara 5 zuwa 7, ko da fitilarsu na ci gaba da haske. Babbar 'yata ita ke danna maɓallin gwaji kafin kowace tafiya. Sai na ji ƙarar, na ji ta ce "Baba, sun yi," sannan nake ɗaura tirelar a mota.